Wa Zai Rubuta Sunayen, Wa Zai Riƙe Igiyar Awo? Darasi Daga Gozaki

Jama'a, maganganu biyu ne suka cika majalisunmu daga Funtuwa har Malumfashi: ɗaukar matasa aikin tsaro na jiha, da batun hanyoyin karkara. Kowa tambayarsa ɗaya: mutum nawa za a ba mazaɓarmu, kilomita nawa za a ba ƙaramar hukumarmu? Ni kuwa abin da ya dame ni shi ne wa zai rubuta sunayen yaran, kuma wa zai riƙe igiyar awon hanyar. Da waɗannan abubuwa biyu Bature ya mallake mu fiye da shekara hamsin, kuma mu mutanen Gozaki har gobe muna ɗauke da tabon.

Mu fara da masu kaki. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara Hausawan da ke zaune a Legas, da yawansu bayi ne da suka gudo daga hannun iyayen gijinsu, ya ba su bindiga. Ya zaɓe su ne saboda baƙi ne a can, ba su da uwa ba su da uba a garin, wanda ya ba su albashi shi ne gatansu. Daga irin wannan iri aka kafa rundunar da Lugga ya jagoranta tun 1897. Ranar da Kano ta faɗi a watan Fabrairun 1903, sojojin da suka fasa ganuwar ba su kai dubu ba, kuma Turawan cikinsu 'yan gomomi ne kawai. Sauran duk baƙar fata ne, da yawansu Hausa suke ji kamar ni da kai. Ashe da ɗan gari akan ci gari.

Katsina ba a yi yaƙi ba, a wannan shekarar aka yi mubaya'a. Amma cikin shekara huɗu an tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da Yero, kafin aka naɗa Muhammadu Dikko. Daga nan Bature ya gane cewa ba sai ya ajiye soja a kowane ƙauye ba. Dogaran Sarki sun ishe shi, daga baya aka gyara su, aka ɗinka masu kaki, aka samu 'yan doka na En'e. Aikin ya samu martaba har 'ya'yan sarakuna suna shugabantarsa. Usman Nagogo da kansa ya riƙe 'yan dokan Katsina kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Ba na musun cewa sun kama ɓarayi, sun tsare kasuwanni. Sai dai talaka ya fi sanin ɗan doka ranar haraji da jangali, da ranar da aka zo neman majiya ƙarfi. Tsakanin 1942 da 1944 dubban manoma aka kwasa daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, abin da dattawa ke kira diban gwamna, kuma da yawa ba su dawo ba.

Da siyasa ta zo fa? Tun da aka kafa NEPU a 1950, duk inda 'yan En'e ke da iko, ɗan doka ne ke tarwatsa lacca, alƙali ya ɗaure, gidan yarin En'e ya karɓa. Wannan na cikin dalilan da suka sa gwamnatin Gowon ta rushe 'yan doka, ta narkar da su cikin 'yan sandan tarayya. Laifin ba na kakin ba ne. Wanda ya ɗauki mutum aiki, shi ke biyansa, shi ke iya korarsa, to shi zai yi wa biyayya, ko da a kan ƙanin ubansa ne.

Yanzu mu dawo kan hanya, nan ne abin ya fi taɓa mu. Gozaki tsohon gari ne, sunansa na cikin tarihin ƙasar Katsina tun kafin jihadi, tare da irin su Maska. Ƙasa ce ta auduga da saƙa da rini, fatake na bi da jakuna suna kai kaya Kano da Zazzau. Gwadaben da suka bi, ƙafar mutane ce ta fitar da su, daga kasuwa zuwa kasuwa, daga rijiya zuwa rijiya. Da 'yan safiyon Bature suka zo da sarƙarsu da turakunsu, ba su tambayi kowa ina mutane suke ba. Tambayarsu ita ce ina auduga take, kuma ta ina za ta fi saurin kaiwa bakin teku. Masaƙun Ingila ne ke jin yunwa, don su aka kafa kamfanin BCGA a 1902, wanda mutanenmu ke kira Bisije. Layin dogo ya isa Kano a 1911, sannan aka ja reshe daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Aka kafa injinan gurzar auduga, hanyoyin mota suka nufi inda inji da tasha suke.

Ku dubi sakamakon da idonku. Hakimin Funtuwa har yau Sarkin Maska ake ce masa, amma a Funtuwa yake zaune, Maska kuwa ta koma gefe. Galadiman Katsina na Malumfashi. Gozaki, da duk tarihinta, yau mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Ƙafur. Ba yaƙi aka ci mu ba, ba annoba ce ta kore mu ba. Wani ne ya ja layi a kan takarda, arziki ya bi layin. Abin takaicin ma, kakanninmu ne suka sare dajin, suka ɗauki ƙasa a ka, suka cike kwari, sau da yawa aikin tilas, dogari na tsaye da bulala. Kun ga inda abubuwan biyu suka haɗu ke nan: mai awo ya nuna, mai kaki ya tilasta.

To me ya kawo wannan tone-tone yau? Saboda mun sake tsayawa a mararrabar. Matsalar 'yan bindiga ta kai inda ta kai. Ba wanda ya manta da ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka kwashe a Disambar 2020, kuma manoman Faskari da Sabuwa da Dandume sun san kuɗin da noma ke ci yanzu ba na taki ba ne kaɗai. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jiha, da matasa sama da dubu. Ga kuma muhawarar 'yan sandan jihohi ta ƙi mutuwa. Ni ina goyon bayan ɗan gari ya tsare garinsu, domin shi ya san kowane burtali da kowane rafi. Amma wallahi in aka bar ɗaukar a hannun masu rabon gurabe, ɗan doka za mu dawo da shi, sai dai mu sake masa suna.

Zan faɗa a nan, a shafinmu, don kada a ce da wasu nake: ko namu ne ya kawo takardar sunayen yaransa, kada a karɓa. Mulki juyi-juyi ne. Bindigar da ka ba yaronka yau, gobe tana hannun yaron wanda kuka ɓata da shi.

Ga abin da nake ganin ya kamata mu nema da murya ɗaya. A riƙa karanta sunan duk wanda za a ɗauka a bainar jama'a, a ƙofar mai gari, gaban liman da dattawa da ardon Fulanin yankin, duk mai ƙorafi ya faɗa kafin a ba shi kaki. A sa manomi da makiyayi duka a ciki, domin rundunar da ɓangare ɗaya ya cika, ɗaya ɓangaren zai ɗauke ta abokiyar gaba, kuma mun ga abin da wannan ya haifar a zamanin 'yan sa-kai. A biya albashi a kan lokaci, domin mai bindiga da yunwa ba ya da maraba da wanda aka ce ya kama. A kuma samar da inda talaka zai kai ƙarar mai kaki, wurin da ba wanda ya ɗauke shi aikin ne ke zaune a kujerar ba.

Haka nan hanya. Kafin a kafa turke ko ɗaya, mai awo ya zauna da mutanen gari, a kafe taswirar a sakatariya kowa ya gani. A tambaya wace hanya ce mai naƙuda ke bi zuwa asibiti cikin watan Agusta, wane rafi ne ke raba yara da makaranta, ina masara da dawa da tumatir ke ruɓewa don mota ba ta shiga. Wanda hanya ta ci gonarsa a biya shi diyya kafin katafila ta iso. Kwalbati ɗaya a inda ya dace ya fi kilomita biyu na kwalta da suka tuƙe a ƙofar gidan wani babba. Kuma masu tsaron ma, in babu hanya, sai dai su iso bayan an yi jana'iza.

Bature yana da uzurinsa, ba don mu ya zo ba. Wanda muka zaɓa da ƙuri'armu ba shi da wannan uzurin. Don haka 'yan uwa, ranar da aka kira taron mazaɓa, kada ku tsaya a kan nawa aka ba mu. Ku tambayi wa ya rubuta, wa ya auna, kuma a gaban wa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya ba shugabanninmu kunnen jin gaskiya. Amin.