A YI HANYAR KEKE A DUWATSUN SHERE, AMMA KADA A KORI TALAKA

Jama'a 'yan'uwa talakawa, ga wani abin mamaki na wannan zamani. Hanyar burji, wadda mu muke kuka da ita dare da rana saboda gargada da ƙura, ita ce yanzu masu kuɗin duniya suke biyan kuɗin jirgin sama don su je su hau ta da keke. Ba su son kwalta, ba su son jin ƙarar mota. Abin da suke nema shi ne tsakuwa, da hawa mai fid da gumi, da gangara mai sa mutum ya riƙe birki da hannu biyu. Har keke na musamman aka ƙera musu, mai faɗin taya kamar milimita 40, mai giya da yawa, mai lanƙwasasshen kai irin na keken tsere. Kuɗin guda ɗaya ya isa jarin mai tebur uku a kasuwa.

Wani zai ce wannan wasan ƙoshi ne, ina ruwan talaka? To, a saurara. A ƙasar Ruwanda, cikin 2011, aka buɗe wata hanya mai kilomita 227 a gefen tafkin Kibu, daga garin Rubabu zuwa Rusizi, yawancinta hawa da gangara ne ta cikin gonakin gahawa da ƙauyuka. Baƙi suna bin ta da ƙafa ko da keke, kwana da kwanaki. Duk inda baƙon ya tsaya sai ya ci abinci, ya sayi ayaba, ya biya wurin kwana, ya biya yaron da ya nuna masa hanya. Ƙasar nan ba ta haƙo man fetur, amma ta riƙe keke da daraja har ta karɓi gasar tseren keke ta duniya a Kigali cikin Satumba 2025, karo na farko da aka yi ta a Afirka. Kuɗin mai keke a hannun mai ƙosai yake faɗawa, gama shi ba ya iya wuce gari a guje da gilashi rufe kamar mai babbar mota. Yunwa da ƙishirwa su ke tsai da shi.

Mu kuwa me muka rasa? Garin Jos yana bisa tudu kamar mita 1,200 daga bakin teku, iskarsa mai sanyi ce, mutum ya iya tuƙa keke da tsakar rana bai suma ba. Daga gabas ga duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai mita 1,829. Kusa da su, wajen kilomita 15 daga Jos, akwai gandun dajin Amurum a ƙasar Laminga, ɗan ƙarami ne, kamar hekta 300, amma duwatsu ne da kwazazzabai da kurmi a bakin rafi. An ƙidaya tsuntsaye iri-iri kusan 300 a wurin, har da wani ɗan tsuntsu ja mai zama cikin duwatsu wanda masana ba su rubuta shi a littafi ba sai 1998. Akwai makarantar binciken tsuntsaye ta Leventis a can, tana haɗe da Jami'ar Jos, ɗalibai suna zuwa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam. Watau baƙi sun riga sun san hanya.

Abin da muke kira a yi shi ne a zana hanyar keke ta burji wadda za ta kewaye wannan gandu ta haura gindin Shere, a hana manyan motoci bin ta. Mun ce ta KEWAYE. Kada a kuskura a ratsa cikin gandun, domin hekta 300 ba ta da yawa, in aka cika ta da hayaniya tsuntsayen za su tashi, a yi biyu babu.

Ba kuwa sai an fasa dutse ba. Tudun Jos cike yake da tsofaffin hanyoyin kuza da turbobin ƙafa. Su wa suka share hanyoyin nan? Kakanninmu ne, leburorin kuza, har da waɗanda aka kwaso ƙarfi da yaji daga lardunan Arewa lokacin diban gwamna, tsakanin 1942 da 1944, aka zube su cikin sanyin da ba su saba da shi ba, da yawa ba su koma gida ba. Kamfanonin Turawa sun kwashe kuzar sun tafi, sun bar mana ramuka da kududdufai. In har akwai wani amfani da ya saura a hanyoyin nan, jikokin leburori su suka fi cancanta su ci shi.

Nan ne maganar take da nauyi, kuma nan ne muke so membobi su buɗe ido. Kalmar nan “ba mota” tana da daɗin ji, amma wuƙa ce mai kaifi biyu. In aka ɗauki hanyar da ƙauye yake fid da tumatir da dankali da acca zuwa kasuwa aka ce an rufe ta don baƙo ya sha iska, wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma za mu yaƙe shi a wannan shafi. Hanyar kasuwa a bar ta ga motar kasuwa, a ma gyara ta. Hanyar keke a bi da ita ta turbar da mota ba ta bi tun asali. Wanda za a hana shi ne mai tifar yashi da dutse, da mai jif da zai zo ya yi wa mutane ƙura. Amma manomi da kekensa, da mace mai ɗauke da itace, da ɗan makaranta, da makiyayi mai ƙetarawa da shanunsa, da babur ɗin da ya ɗauko majinyaci, duk hanyarsu ce, ba mai tambayarsu takarda. Dattawanmu ba su manta da zamanin En'e ba, lokacin da malamin daji zai kama mutum don ya sari reshe a dajin ubansa, ɗan doka kuma ya tare shi a kan lasin keke. Kalmar “gandu” ta daɗe tana nufin wurin da aka kori talaka. Ba mu yarda a sabunta wannan da sunan yawon buɗe ido ba.

Balle yanzu keke ya koma dokin talaka na gaskiya. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 cikin 2024. Malamin makaranta da masinja da ɗan tireda sun kakkaɓe tsohuwar Raleigh sun sa mata sabuwar sarƙa. Kowa ya san abin da mai keke yake gani a kan kwalta, tsakanin tirela da bakin lambatu. Hanyar da babu mota rahama ce gare shi kafin ta zama wasa ga wani.

Sai batun aiki. Mun san halin mahukunta: da an ambaci hanya sai a nemo ɗan kwangila, a rubuta miliyoyi, a yanka kirtani gaban masu hoto, damina ɗaya ta wanke kome. Ruwan Jos ba wasa ba ne, daga Afrilu har Oktoba yake zuba, kuma abin da ke kashe hanyar burji a kan tudu shi ne ruwan da bai sami mafita ba. Maganinsa magudana ce da kwalbati da mutum mai shebur wanda yake kusa. Saboda haka a raba hanyar gunduwa-gunduwa, kowane ƙauye ya riƙe tasa, a biya samarinsa duk wata, a kafa lissafin a allo inda kowa zai karanta. In za a karɓi kuɗin shiga, a karɓa daga baƙo, a ba shi rasit, rabon ƙauye kuwa ya tafi kai tsaye ba ta aljihun wani babba ba. Jagora ya zama ɗan wurin. Mai faci da mai shayi da mai gasa masara a ba su wuri a kowane zango ba tare da sun nemi ɗan majalisa ya sa baki ba.

Akwai masu cewa, wa zai zo Filato da keke alhali ana fama da rikici tun Satumba 2001? Tambaya ce mai kyau, ba mu raina ta ba, kuma tsaron rai aikin gwamnati ne wanda ba ta da uzurin kasawa a kansa. Amma a duba wannan. Hanyar za ta bi ta gonar Bajari, ta wuce kusa da rugar Bafillace, ta sauka inda Bahaushe yake da tebur. In su ukun suna cin abinci daga baƙo guda, kowannensu yana da dalilin ganin baƙon ya wuce lafiya. A fara da kaɗan, kilomita 20 ko 30, da rana, cikin rani, da 'yan keken Jos da ɗaliban jami'a, kafin a gayyaci na nesa.

Ƙasar ta mutanen Laminga ce da maƙwabtansu, su za a fara tambaya, kuma in sun ce a'a, magana ta ƙare. Muna roƙon sakatarorin rassanmu na Jos ta Gabas da Jos ta Arewa su karanta wannan a taron reshe, su tambayi masu kai kaya kasuwa wace hanya ce ba za a taɓa ba, wace turba ce kuma za ta yi, su aiko mana da amsa a rubuce kafin ruwa ya sauka.