Wasiyyar mamaci kan gawarsa tana buƙatar doka ta tsaya mata

A 2016 wata yarinya 'yar shekara 14 da ciwon daji ya ci ƙarfinta a Landan ta nemi kotu ta yarda a daskare gawarta, da fatan wata rana likitoci za su farfaɗo da ita. Alƙali Peter Jackson ya miƙa wa mahaifiyarta wuƙa da nama, aka kai gawar Michigan a Amurka, aka tsoma ta cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Tun da aka fara daskare wani mutum mai suna James Bedford a 1967 ba a taɓa tayar da ko mutum ɗaya ba, kuma Musulmi ya san wanda ke rayar da matattu. Sai dai masu neman a daskare gawarsu sun riga mu gane wani abu: da zarar rai ya fita, maganar da mamaci ya bari ba ta kare gawarsa sai da doka a bayanta. Shi ya sa suke sa hannu a takardu tun suna da lafiya, suna fakewa da dokar kyautar da sassan jiki. A Iowa a 2010 har kotu ta ba ƙungiyar daskare gawa ta Alcor izinin tono wani mutum da 'yan'uwansa suka binne saɓanin abin da ya rubuta.

A Ghana kuwa gawa ta dangi ce. Haka kotu ta nuna a shari'ar Neequaye da Okoe a farkon shekarun 1990, inda ta fifita babban dangi a kan mata da 'ya'ya. Kowa ya ga yadda mawaƙi Daddy Lumba ya rasu a Yulin 2025, aka yi ta shiga kotu ana fita, ba a binne shi ba sai Disamba. Wanda wannan ƙa'ida ta fi cuta shi ne ɗan'uwanmu da ya musulunta daga gidan Akan ko Ga, ya yi shekaru yana sahu da mu a unguwar Nima, Maamobi ko Kokomlemle a Accra. Ana shirin wanka da likkafani, sai dangi su iso su ɗauke shi zuwa mutuware, ya yi watanni a firji ana tara kuɗin biki. Limami na iya roƙo, amma roƙo ba hukunci ba ne.

Za a ce jana'iza ce ke haɗa zumuncin waɗannan gidaje. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya hana su zaman makoki da taronsu bayan an sa mamaci a makwancinsa. Tsarin mulkin 1992 ya ba shi 'yancin addini yana raye. Ba daidai ba ne a ƙwace masa shi a ranar da ya kasa buɗe baki. Wasu kuma na tsoron dokar kare wasiyya za ta ba mai son ƙonewa ko daskarewa dama. Za ta iya ba shi, muddin bai keta dokar lafiyar jama'a ba, domin a ƙasar da Musulmi suke 'yan tsiraru ba za mu samu kariyar da muka hana waninmu ba.

'Yan majalisar Ayawaso, da ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, su kai ƙudurin da zai wajabta wa dangi bin rubutacciyar wasiyyar jana'iza. Kafin nan, limaman Zango su sa duk wanda ya musulunta ya rubuta tasa gaban shaidu biyu, ya kuma sanar da shugaban danginsa tun yana da rai.