Ra'ayinmu: Na'urar Da Ke Faɗin Dalilinta

A ƙarshen shekarun 1970 wani masani a Amurka, Ryszard Michalski, ya zana jiragen ƙasa 10, biyar sun nufi gabas, biyar yamma, ya ce a nemo abin da ya raba su. Amsar gajera ce: kowane jirgin gabas yana jan wani tarago gajere mai rufi, na yamma kuwa babu mai irinsa. Wannan ɗan wasa ya zama ma'aunin wani reshe na ilmin kwamfuta da Stephen Muggleton ya raɗa wa suna a 1991, watau koya wa na'ura ta tsamo ƙa'ida daga misalai bisa tafarkin manɗiƙi.

Abu uku ake ba ta: misalan da suka dace, waɗanda ba su dace ba, da sanin da ake da shi tuntuni. Sai ta kawo zato. In zaton ya yi ƙunci ta faɗaɗa shi, in ya haɗiye misalin da bai kamata ba ta tsuke shi, har ta dace da ƙa'idar da ta tattara na farkon ta bar na biyun. Abin da ya ja hankalinmu shi ne ƙa'idar nan rubutacciya ce. Mutum na iya karanta ta, ya ce bai yarda ba. A 1996 manhajar Progol ta fitar da ƙa'idoji kan sinadaran da ke jirkita ƙwayoyin gado, masana kimiyyar sinadarai kuma suka iya bin su layi-layi. Yawancin na'urorin da ake ta yayi a yau hukunci kurum suke yankewa, dalilin na can binne cikin lambobi.

To amma fa, 'yan'uwa ɗalibai, na'ura ba ta wuce abin da aka ɗura mata. A ce za a koya mata dangantaka. In Bature ne ya tsara misalan, ɗan'uwan uwa da ɗan'uwan uba suna ɗaya gare su, ƙa'idar da za ta fito kuwa ba za ta saɓa wa misali ko guda ba, alhali ta cakuɗa kawu da baffa. Sai an sami wanda ya san gida ya ce mata, "Wannan ba kawu ba ne," kana ta gane jinsin mahaifi na da muhimmanci. Yau zancen kawu ne. Gobe yana iya zama na gado, ko na wanda ya cancanci rance.

Saboda haka muke kira ga hukumar jami'a da ta buɗe darasin manɗiƙi ga kowane ɗalibi, ba na sashen lissafi kaɗai ba. Ai malamanmu na zaure sun daɗe suna karantar da shi. Muna kuma roƙon sashen kwamfuta da na harsunan Nijeriya su haɗa 'yan ajin ƙarshe a aikin bincike guda, su fara da sunayen dangi.