Ayarin Babura a Hawan Kibo

Wanda ya taso daga Akwanga za shi Jos, lalle ne ya bi ta wani wuri da ake kira Hawan Kibo. A nan ne hanya take barin ƙasa mai zafi, ta soma hawan tsaunukan Filato. Hanyar ba ta miƙe ba, sai lanƙwasa take yi kamar maciji, ga dutse a wannan hannu, ga kwari a wancan. Kusa da hawan akwai inda ruwan Assop yake kwararowa daga kan dutse, wajen kilomita 64 daga Jos. In an gama hawa aka doshi Riyom, sai a ga manyan duwatsu sun hau kan juna, kamar wani ne ya jera su. Jos kanta tana bisa tudu mai tsawon wajen mita 1,200, shi ya sa ta fi Kano sanyi.

Masu babura sukan haɗu su bi irin wannan hanya tare, domin shan iska da ganin ƙasa. Waɗansu mutane suna cewa wannan aikin banza ne, ɓarnar mai ce kawai, da neman hatsari. Ni a ganina ba haka ba ne. Na cikin mota a rufe yake, amma mai babur yana jin yadda iska take ƙara sanyi yayin da yake hawa, yana ganin gonakin acca da na dankalin Turawa dab da shi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Sai dai akwai sharaɗi guda: tilas tafiyar ta zama ta ayari, ba ta tsere ba.

Kun dai ji labarin fataken da, masu zuwa Gwanja sayen goro, a cikin ƙasar da yanzu ake kira Gana. Tafiyarsu ta watanni ce, amma sukan je su komo da dukiyarsu, domin suna da tsari. Akwai madugu uban tafiya, wanda in ya ce a tashi sai a tashi, in ya ce a yi zango sai a yi. Akwai kuma jagaba a kan gaba, mai nuna hanya. Ba a barin gajiyayye a daji shi kaɗai.

To, haka ya kamata masu babura su yi. Su sa wanda ya san hanya a gaba, kada kowa ya wuce shi. Su sa wani mai hankali a can baya, da famfo da kayan faci, domin ya taimaki wanda tayarsa ta sace. Sababbin hannu kuwa a sa su kusa da na gaba, a yi tafiya daidai ƙarfinsu. In an shiga lanƙwasa, a bi layi ɗaya, kowa ya bar fili tsakaninsa da na gabansa. Dalili kuwa, ba mai ganin abin da ke bayan dutse. Watakila babbar mota ce ta lalace, watakila shanu ne ke ƙetarewa, ko kuwa ruwan sama ya zubo yashi bisa kwalta. A rage gudu tun kafin a shiga kwana, gama wanda ya danne birki da ƙarfi alhali babur yana karkace, yana iya zamewa. Wajen gangara kuma a sa ƙaramar giya, don kada birki ya yi zafi ya ƙi kamawa.

Wani saurayi zai ce, “Ai daɗin babur gudu.” Sai mu amsa masa da lissafi. In ka ninka gudunka sau 2, nisan da babur zai ci bayan ka taka birki zai ninku sau 4. Watau wanda zai tsaya cikin taki 10, yanzu sai ya yi taki 40. A kan dutse kuwa, ba kullum ake samun taki 40 ba. Banda wannan, mai gudu ba ya ganin kome sai kwalta. Ya bar gida don ya ga ƙasa, ya komo bai ga ruwan Assop ba, bai ga duwatsun Riyom ba. Ina ribar tafiyarsa?

Sa'an nan sai maganar hular kwano. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, kuma a farkon 2009 ta matsa a kan kowane mai babur da wanda ya goya su sa wannan hula. A lokacin har waɗansu suka riƙa kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Kansu suka ruɗa. Ƙafa in ta karye ana ɗori, amma kai in ya fashe ba maɗorin da zai iya da shi.

Ya ku yara, yau ku ake goyawa, gobe ku ne za ku riƙe kan babur. Tun yanzu ku koyi halin ayari. In kun ji ƙugin babura za su ratsa garinku, ku tsaya nesa da kwalta ku yi kallo, ku kuma riƙe hannun ƙannenku. In an goya ku, ku zauna sosai, kada ku yi ta mutsu-mutsu. In kun girma abokai suka ce ku zo a yi tsere, ko a wajen rakiyar amarya ne, ku ce musu a'a. Gwanin ayari shi ne wanda ya fita da mutum 10, ya komo da mutum 10, kowa ya isa gida lafiya ya ba iyalinsa labarin abin da ya gano. Tafiya sannu sannu kwana nesa.