Me ya sa kachala ke dawowa gonakin Haɗeja da Nguru bayan an ƙone ta?

Duk wanda ya bi fadamun da ke tsakanin Haɗeja a Jigawa da Nguru a Yobe zai ga yadda kachala ta cinye filayen da a da ake noman shinkafa a cikinsu. Da rani manoma kan banka mata wuta. Bayan 'yan makonni sai ta sake tofowa kore shar.

Asalin matsalar daga ruwa take. Kafin a gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja kan yi ambaliya da damina, ya janye da rani, ƙasa ta bushe. Yanzu ana sakin ruwa duk shekara saboda noman rani, ga laka tana taruwa a magudanai. Ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa kuwa shi kachala ke so.

Gwamnati kan tura injinan yashe kogi su buɗe manyan hanyoyin ruwa, kuma hakan yana taimakawa. Amma injin ba ya shiga gonar kowa. Abin da ya tsiro a gefen kunyar manomi, shi aka bar wa.

A nan ne ake asarar ƙarfi. Ran kachala yana cikin saiwarta mai kauri da ke rarrafe a ƙarƙashin laka, ganyen ne ke kai mata iska. Wuta ganye kawai take ci. Haka ma sara a saman ruwa, domin kututturen da ya rage yana ci gaba da shaƙar iska. Abin da ke kashe ta shi ne a sare ta ƙasa da fuskar ruwa, ruwan ya rufe kututturen, a maimaita sau biyu ko uku idan ta sake leƙowa.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Da zarar ta fitar da kan nan mai ruwan ƙasa mai kama da zangarniyar gero, to an makara, iska za ta kwashi irin zuwa gonakin maƙwabta. Ƙaramar kachala kuwa, mai dogon ganye kamar takobi, ana iya tuge ta da hannu.

Masu zuba maganin ciyawa a ruwan da mutane ke kamun kifi, dabbobi ke sha, suna sayen wata matsalar ce da kuɗinsu.

A ganina, wannan aikin malaman gona ne, irin na hukumar JARDA a Jigawa: su tara masu gonakin da ke kan magudana ɗaya, su nuna musu saran a cikin ruwa, a sa rana guda. Idan mutum ɗaya ya share tasa, maƙwabcinsa ya bari, saiwar za ta ratso iyaka, tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikinta kuma ba sa tambayar gonar waye kafin su sauka kan shinkafa.