Ya Da Zango A Dubai: Me Za Mu Nuna Wa 'Ya'yanmu?



Iyalai da yawa da ke hanyar Umra ko fatauci sukan ya da zango a Dubai na kwana ɗaya ko biyu kafin su hau jirgi na gaba. Abin da na lura shi ne, kusan kowa tsarinsa guda ne: daga filin jirgi sai otal, daga otal sai katafaren kantin Dubai Mall, a ɗauki hoto a gindin Burj Khalifa, a koma. A ganina wannan hasara ce, musamman ga wanda yake tafe da yara.

Dalilina shi ne, yaron da aka nuna wa bene mai tsawon mita 828 ba a gaya masa yadda aka yi aka kai nan ba, zai koma gida da ɗayan abu biyu: ko kwaɗayi, ko raina garinsu. Mu ma manya haka muke kasuwa. Wasu su dawo suna yabon birnin kamar an ɗauko shi daga Aljanna, wasu kuma su tuno hadisin Jibrilu da ya ambaci gasar gina dogayen benaye cikin alamomin Alƙiyama, su yanke wa mutanen garin hukunci su wuce. Hadisin gaskiya ne, amma ba ya ɗauke mana nauyin yin tunani a kan abin da idonmu ya gani.

Sa'ad da muka tsaya da iyalina, tsohon gari muka nufa. Muka tsallake mashigin ruwan Dubai a ƙaramin jirgin katako da suke kira abra, muka shiga unguwar Al Fahidi mai ƙananan lunguna. A nan ne labarin yake. Kakannin waɗannan mutane masu nutso ne a teku suna neman lu'ulu'u. A shekarun 1930 kasuwar ta rushe, bayan Japan ta fara samar da lu'ulu'un kiwo, talauci ya yi musu katutu. Sheikh Rashid bin Sa'id ya sa aka yashe mashigin a ƙarshen shekarun 1950 domin manyan jirage su shigo, alhali ba a gano mai ba sai a 1966. Tashar ruwa ta Jabal Ali ta biyo a 1979, kamfanin jirgin Emirates a 1985. Wato sun san rijiyar mai za ta iya ƙafewa, suka yi tanadi tun da sauran ruwa.

Duk da haka, arziki bai da tabbas. A 2009 bashi ya shaƙe Dubai har sai da Abu Dhabi ta kawo ɗauki da dala biliyan 10. Benen da ake kira Burj Dubai yana cikin gini, da aka buɗe shi a 2010 sai ya fito da sunan Sheikh Khalifa, sarkin Abu Dhabi na lokacin. Wannan darasi ya fi hoto ɗari amfani ga yaro.

Sannan akwai waɗanda matafiyi ba ya kallo. Mafi yawan mazauna birnin baƙi ne, daga Indiya, Pakistan, Bangladesh, Filifin da ƙasashen Afirka. Su ne magina, su ne masu shara, su ne direbobi. Zafin bazara ya kai ga hukuma ta hana aiki a rana daga 12:30 zuwa 3 na yamma, tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Ka nuna wa ɗanka su, ka koya masa yi musu sallama, ka gaya masa addininmu ya tsananta a kan haƙƙin ɗan ƙwadago.

Ya ɗan uwa, ban ce kada ka shiga kanti ba, sayen tsaraba halal ne. Amma awoyin zango kaɗan ne, kuma abin da yaro ya gani a tafiya yakan daɗe a zuciyarsa fiye da abin da ya ji a aji. Ka ware rabin yini ga tsohon gari, ku yi sallarku ta ƙasaru a masallacin unguwa tare da leburori, ka bar shi ya yi tambaya.

Allah Ya sa mu zama masu tafiya a ƙasa da idon basira. Wassalam.