Birtaniya: an ci moriyar ganga, ana neman yada kwaurenta

Duk ɗan siyasar Birtaniya da ke yawon neman ƙuri'a a garuruwan bakin teku, da wuya ya bar gari bai tsaya an ɗauke shi hoto yana cin soyayyen kifi da dankalin turawa ba. Wai ta haka ne talakawa za su shaida cewa nasu ne, ɗan ƙasa na asali. Da ya goge maiƙo daga bakinsa sai ya hau mumbari ya shelanta cewa baƙi ne suka lalata ƙasa. Babu mai tambayarsa ko hannun wane ne ya soya kifin da ya gama ci.

Wannan abinci da Turawan Ingila ke tinƙaho da shi, shi kansa baƙo ne. Yahudawan da aka kora daga Sifen da Fotugal su ne suka shigo da al'adar tsoma kifi cikin gari a soya shi. Shagon da masana tarihi da dama ke kira na farko da ya haɗa kifi da dankali a Landan, wajen shekarar 1860, na wani Bayahude ne mai suna Joseph Malin. Daga ƙarshen ƙarni na 19 talauci ya koro ƴan Italiya daga ƙauyukansu na kan duwatsu: mutanen Barga suka nufi Sikotlan, mutanen Bardi suka nufi garuruwan haƙar gawayi na kudancin Wales. Bayan yaƙin duniya na biyu ƴan tsibirin Saifurus suka biyo, sai ƴan Sin daga Hong Kong, sai Turkawa da Kurdawa da ƴan kudancin Asiya. Kowane ayari ya tarar da aiki iri ɗaya yana jiransa: tsayuwa gaban tafasasshen mai har tsakar dare, tufafi suna warin kifi, aikin da ƴaƴan masu gari suka raina.

A ƙaramin gari, wannan shago ya wuce wurin sayen abinci. Shi ne fitilar da ke ci a kan titi bayan kowa ya rufe. Ranar Juma'a da maraice layi yana kai wa ƙofa, kuma a cikin layin nan ne ake jin wanda ya rasu, wanda aka sallama daga aiki, wanda ƴarsa ta haihu. Tsohuwar da mijinta ya mutu, wadda za ta iya wuni ba ta yi magana da kowa ba, a nan ake kiran ta da sunanta, a san abin da take so tun ba ta buɗe baki ba. Yaro ɗan makaranta a nan yake fara karɓar ladan guminsa, yana feraye dankali da yamma. Mai shagon kuwa yana kwana a saman shagonsa, ƴaƴansa suna aji ɗaya da ƴaƴan gari, abin da ya samu a garin yake kashe shi. Babban kamfanin da hedikwatarsa ke Landan ko Amurka, ranar da lissafi ya ƙi, kwashe kayansa yake yi ya bar kango.

To wane ne ya kashe waɗannan garuruwa? Ba mai suyar kifi ba ne ya rufe ramukan gawayi bayan yajin aikin 1984 zuwa 1985. Gwamnatin Margaret Thatcher da magadanta ne. Ba shi ne ya rufe rassan banki fiye da 6,000 daga 2015 zuwa 2024 ba. Ba shi ne ya zaftare kuɗin ƙananan hukumomi tun daga 2010, har ɗakunan karatu da gidajen matasa suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba. Masu wannan ɗanyen aiki suna nan da sunayensu da muƙamansu. Amma nuna su da yatsa yana buƙatar ƙarfin hali, shi kuwa baƙo ba ya da jam'iyya, sau da yawa ma ba ya da ƙuri'a. An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ba yau aka fara ba. Ranar 10 ga Yunin 1940, da Mussolini ya shelanta yaƙi a kan Birtaniya, a daren nan gungun mutane suka farfasa shagunan ƴan Italiya a Gilasgo da Edinbara da wasu garuruwa, suka wawashe kaya. Gwamnatin Churchill, wadda ba ta taɓa sanya kifi da dankali cikin abincin da ake rabawa da kati ba saboda ta san darajarsa a zukatan jama'a, ita ce ta sa aka bi gida-gida ana kama masu soya shi. Aka loda ɗaruruwansu cikin jirgin ruwa Arandora Star za a kai su Kanada. Ranar 2 ga Yuli jirgin yaƙin Jamus na ƙarƙashin teku ya nutsar da shi a yammacin Ailan. Mutum wajen 800 suka halaka, fiye da 400 daga cikinsu ƴan Italiya ne, 48 ƴan Bardi kaɗai. Eduardo Paolozzi, wanda daga baya ya zama shahararren mai sassaƙa har sarauniya ta ba shi sarauta, ya rasa ubansa da kakansa da kawunsa a cikin jirgin, shi kansa yana tsare a kurkuku yana ɗan shekara 16.

Masu kare wannan siyasa suna cewa su ba da mai shago suke ba, da masu shigowa ta ɓarauniyar hanya suke. Kowace ƙasa tana da haƙƙin tsare iyakarta, wannan babu gardama. Sai dai mai jifa da dutse ba ya neman ganin takardar zama kafin ya jefa. A ƙarshen Yulin 2024, bayan kisan ƴan mata uku a Southport, aka baza ƙarya cewa mai kisan Musulmi ne ɗan gudun hijira, alhali a Cardiff aka haife shi. Cikin ƴan kwanaki aka kai wa masallatai da masaukan ƴan gudun hijira da shagunan baƙi hari a garuruwan Ingila da Ailan ta Arewa. Shekaru 84 tsakani, taga iri ɗaya aka fasa.

Sana'ar kanta tana cikin mawuyacin hali. Shagunan da suka kai kimanin 35,000 a ƙarshen shekarun 1920 sun dawo wajen 10,500 zuwa shekarar 2022. A 2022 yaƙin Yukiren ya tsadar da man girki da makamashi, gwamnati kuma ta ɗora harajin kashi 35 cikin 100 a kan kifin Rasha. Abin da masu shaguna suka samu daga hukuma a Fabrairun 2024 shi ne ƙarin tara: wanda aka kama da ma'aikaci marar takarda, tarar da ta kasance fam 15,000 ta koma har fam 45,000 a kan mutum guda. Babban kamfani yana da lauyoyin da za su tantance masa takardu. Mai tukunya biyu da mata da ɗa ɗaya a bayan kanta, tara ɗaya ta isa ta rufe shi har abada, titin garin kuma ya ƙara duhu.

Can a Barga, jikokin waɗanda suka koma gida suna yin bikin kifi da dankali kowace bazara, wasunsu suna Turanci da karin harshen Gilasgo.